Malamin da Sunansa ya Zama Zagi

Muna aji huɗu na firamare malamin Turanci ya rubuta mana wata kalma da jan biro a ƙasan littafin aikinmu, wato dunce. Ba mu san ma'anarta ba sai da wani ɗan aji shida ya ce mana daƙiƙi ake nufi, wanda kansa ba ya ɗaukar karatu. Ranar a ƙarƙashin tabarma littafin ya kwana, don gudun kada mahaifinmu ya gani.

Sai da muka yi nisa a nazarin adabi sannan muka gano asalin kalmar. Ashe sunan wani shaihin malami ne, John Duns Scotus, mutumin ƙasar Sukotilan, masanin falsafa da addinin Kirista. Ya karantar a Okusfod da Faris, ya rasu a birnin Kolon na Jamus a shekarar 1308. Saboda zurfin tunaninsa har laƙabi aka yi masa da malami mai kaifin nazari. A ƙarni na 16, da sabon salon ilimi ya bunƙasa a Turai, almajiran mazhabarsa suka ƙi sakin tsohuwar hanya. Abokan hamayyarsu suka riƙa yi musu ba'a da sunan Duns, a hankali sunan ya koma nufin duk wanda karatu ya gagara. Daga bisani makarantun Ingila da Amurka suka ƙirƙiro doguwar hular takarda mai tsini, ana kifa wa yaron da ya kasa, a tsayar da shi a kusurwar aji.

A Hausa mun bambanta wawa da daƙiƙi. Wawa hankalin zaman duniya ya rasa, shi kuwa daƙiƙi a gaban allo ake yanke masa hukunci, kuma malami ne alƙalin. A nan haɗarin yake, domin yaro yana gaskata malaminsa fiye da yadda yake gaskata kansa. Mun daɗe ba mu sake ɗaga hannu a ajin Turanci ba.

Yau jan biron yana hannunmu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Saboda haka idan takardar ɗalibi ta ɓata mana rai, mukan ja layi a ƙarƙashin kuskuren, mu rubuta masa ya same mu a ofis.