Kwatano ba motoci kaɗai ba ce

Na san abin da za ka fara tambayata, kai da ka zauna gida: nawa mota? Ni ma da wannan tunanin na tafi. A sanina Kwatano tashar jiragen ruwa ce, sai motocin gwanjo da shinkafa. Daga Legas muka bi ta Badagiri, muka sha tsayuwa a iyakar Seme, na canja nairata zuwa sefa, ta koma 'yar mitsitsiya a tafin hannu.

A Zango na sauka, wurin wani Alhaji ɗan ƙasarmu. Nan kam babu baƙunta. Ga kiran salla, ga mai tsire, ga Hausa tana tashi kamar a Fagge. Baƙuntar sai da gari ya waye, da na hau zemijan, wato ɗan acaɓarsu mai rawayar riga, na ce ya kai ni Kajehun. Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci balle Fon, da yatsu muka yi ciniki.

Kajehun ita ce unguwar filin jirgin sama, kusa da Haie Vive inda Turawa ke cin abinci. Titi fes, ba rumfa ba tebur. Na yaba, sai ɗan Alhaji da ya biyo ni ya yi dariya. Ashe a farkon 2017 gwamnatin Patrice Talon ta kwashe rumfunan bakin titi, har ta hana shimfiɗa tabarmin sallar Juma'a a kan kwalta. Tsaftar da ta burge ni, wurin cin abincin wani ne aka share.

Yaron zane yake koyo, ya kuma rantse sai ya wayar mini da kai. Ya nuna mini doguwar katangar tashar jiragen ruwa da aka cika da zane, da gunkin jarumar Dahomey mai tsayin mita 30 da aka buɗe a 2022. Ya ba ni labarin Gidauniyar Zinsou, wadda Marie-Cécile Zinsou ta kafa a 2005 da dukiyar gidansu (mahaifinta attajirin harkar kuɗi ne, ya yi firayim minista), shiga kuma kyauta. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Le Centre a Lobozunkpa, wajen gari: dillalan kayan tarihi na Paris ne suka zuba kuɗin, aka buɗe a 2015, har suka dawo da sandunan sarautar Dahomey. Masu cin riba da kayan kakannin mutane, su ne kuma masu kyauta! Na ce masa, ɗana, wannan ba ya damunka? Ya ce Baba, kafin su zo wa ya ba mu ko da bango ɗaya?

Ban iya ba shi amsa ba. Na tuna Kano, inda attajiri kan gina masallaci ko ɗakin karatu a jami'a, ban taɓa jin an tambayi asalin kuɗin ba.

Da daddare Alhaji ya kawo nasa lissafin a kan shayi. Duk inda aka yi wa fenti, in ji shi, haya sai ta tashi. Ya ambaci unguwar Fiyenyon ta bakin teku, da aka rushe a 2021, da shirin tayar da kasuwar Dantokpa. Ɗansa na gefe yana zana fuskarsa a bayan wata takarda, bai ɗago ba.

Motar dai ban saya ba, sefa ta fi ƙarfina. Zanen Alhajin ne na naɗo a jaka.