Amon Ƙofa

Wani tsohon kafinta a Aboabo, cikin Zangon Kumasi, ba ya sallama ƙofa sai ya ƙwanƙwasa ta. Falle biyu ne na siririn katako, an manne su a kan ciko mara nauyi. Ƙofofi masu awo ɗaya kan ba da amo dabam-dabam, domin taurin itace da laima da yawan gam ba sa zuwa daidai. Inda amo ya dushe, gam ya saki, ƙofar za ta ɓare a gidan mai saye. Injiniyoyi masu auna girgizar irin wannan allo kan lissafa iyakar sama da ta ƙasa. Shi kuwa kunne yake kasawa, don mutuncinsa na jikin ƙofar.