Auren Makbet: Yadda Sirri Ya Haɗa Su, Kuma Ya Raba Su

Wasan ban tausayi shi ne wasan kwaikwayon da ke bin babban mutum daga ganiyar ɗaukakarsa zuwa halakarsa, ta hanyar wani aibi da ke cikin halinsa, kuma daga cikin irin waɗannan wasanni na Wiliyam Shekspiya babu wanda ya kai Makbet gajarta, wanda ya rubuta wajajen 1606 a zamanin Sarki Jemis na Ɗaya, aka fara buga shi a 1623. A gari kamar Jos, inda Jami'ar Jos ke da sashen nazarin wasan kwaikwayo da fim, kuma Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke da hedkwatarta da makarantar horar da masu shirya fim, ya dace masu rubuta labaran aure su dubi wannan wasa da idon basira, domin fassarar da aka fi yi masa, cewa makircin mace ne ya hallaka jarumi, ba ta tsaya da ƙafafunta ba idan aka bi wasan kashi bayan kashi.

Tun a kashi na ɗaya, fitowa ta uku, bayan matsafa mata uku sun yi masa albishir da sarautar Sikotilan, Makbet ya fara saƙa kisan Sarki Dankan a ransa, alhali ko ganin matarsa bai yi ba. Abin da ya fara yi shi ne aika mata wasiƙa yana ba ta labarin albishir ɗin matsafan, kuma wannan wasiƙa ita ce shaidar irin auren da ke tsakaninsu: miji mai ɗaukar matarsa abokiyar shawara, da mata wadda ta san raunin mijinta fiye da yadda shi ya san kansa. Gaskiya ne ita ce ta zuga shi da ya so janyewa, ta hanyar yi masa gori kan mazantakarsa, ita ce kuma ta shayar da dogarawan sarki har suka bugu, ta mayar da wuƙaƙen da ya fito da su cikin ruɗewa. Amma ita ɗin ce ta kasa soke Dankan da hannunta, saboda ya yi mata kama da mahaifinta a cikin barcinsa.

Daga daren kisan ne hanyarsu ta rabu, kuma a nan gwanintar marubucin take. Makbet ne ya fara firgita, yana jin muryoyi, yana ganin jinin hannunsa ba zai taɓa wankuwa ba, ita kuwa tana ɗaukar al'amarin bai wuce na wanke hannu a koma ɗaki ba. Sannu a hankali suka yi musayar matsayi. Shi ya magance tsoronsa da ƙarin zub da jini, har zuciyarsa ta ƙeƙashe. Ita, da ba ta da wani aiki da ya rage mata bayan an naɗa su, laifin ya zauna mata a ciki yana cin ta. Da ya shirya kashe amininsa Banko, wanda matsafan suka ce zuriyarsa ce za ta gaji sarautar, makasan haya ya nema ya yi shawara da su, ita kuma ya lallaɓa ta da daɗin baki, ya hana ta sanin abin da ake ciki. Rashin magaji yana daga cikin abin da ya dagula masa lissafi, tunda ya ga ya sayar da lahirarsa ne don 'ya'yan wani su ci gajiya.

Liyafar da fatalwar Banko ta bayyana gare shi, a kashi na uku fitowa ta huɗu, ita ce haɗuwarsu ta ƙarshe a kan dandamali. Ta yi bakin ƙoƙarinta wajen rufa masa asiri a gaban manyan ƙasa, ta sallami baƙi, sannan da suka rage su biyu ba ta da abin cewa sai nuna masa cewa barci yake bukata. Bayan wannan ya sa aka karkashe matar wani basarake mai suna Makdaf da 'ya'yanta ba da saninta ba. An ce tsakanin miji da mata sai Allah, to amma a kashi na biyar likita da wata hadimar fada ne ke tsaye suna sauraron sarauniya tana yawo cikin barci da fitila, tana murza hannuwanta, tana tona abin da mijin ya daina saurara. Da labarin mutuwarta ya iso masa, bai tambayi yadda aka yi ba, sai ya shiga magana kan rashin ma'anar rayuwa. Malkam, ɗan Sarki Dankan, ne daga baya ya ambaci zargin cewa ita ta kashe kanta.

Tarihi, abin mamaki, bai san wannan rushewar aure ba. Makbet na gaskiya ya kashe Dankan ne a fagen yaƙi a 1040, ya yi mulki har 1057, ya ma je ziyara birnin Rum a 1050, kuma an rubuta sunansa tare da na matarsa Guruwok a matsayin waɗanda suka ba wa wani gidan ibada kyautar filaye. Shekspiya ya ɗebo labarinsa daga kundin tarihin Holinshed, bugun 1587, ya kuma aro kisan baƙo a gidan mai masauki daga labarin wani Donwal da matarsa ta zuga ya kashe Sarki Daf. Banko kuwa, wanda a kundin yana cikin masu hannu a kisan, an wanke shi tas saboda Sarki Jemis yana danganta asalinsa gare shi.