Daga Kano zuwa Gqeberha, neman tsarin atisaye

Ta Legas na bi, daga nan jirgi ya kwana da mu a sama zuwa Johannesburg, sannan wani ƙarami ya sauke mu a Gqeberha, garin da kafin 2021 ake kira Port Elizabeth. Iska ce ta fara tarbata a ƙofar jirgi, mai sanyi da ƙarfi, har sai da na dafe hulata. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Na yi gudun fanfalaki a Legas, raina ya biya gasar Ironman, amma duk tsarin atisayen da na karanta sai in ga kamar an rubuta shi ne don mutumin da ke da teku a bayan gida. Na ce gara in je in ga masu yi da idona, in tambaye su baki da baki.

Gasar ba ta wasa ba ce. Ninƙaya kilomita 3.8 a teku, tseren keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duk a yini guda, kuma bisa al'ada awa 17 ake ba mutum. A Hawaii aka fara ta a 1978 da mutum 15, kuma 12 ne suka kai ƙarshe. Ta Gqeberha ita ce ta fitar da gwanin Afirka.

Da asuba na isa gaɓar teku ta Hobie, inda ake ninƙayar gasar. Maza da mata sun yi cincirindo cikin baƙaƙen rigunan roba, wasu na shafa mai a wuya don kada rigar ta goge musu fata, wasu na tsalle saboda sanyi. Na tsoma ƙafa a ruwan, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi. Wani dattijo mai furfura ya durƙusa ya ɗebi ruwa ya zuba cikin rigarsa, ya runtse ido, ya jira jikinsa ya saba. Wanda ya wuce awa 2 da minti 20 bai fito daga ruwan nan ba, gasarsa ta ƙare tun kafin ya taɓa kekensa. A nan na gane cewa ninƙaya, wadda nake ɗauka ƙaramin ɓangare, ita ce ƙofar shiga.

Washegari na sami zama da wata mai horarwa, mace mai yawan shekaru da ƙarancin magana. Na buɗe mata littafin Don Fink, Be Iron Fit, mai tsarin mako 30, na ce wanne mataki zan bi cikin ukun da ya tsara. Ba ta kalli littafin ba. Tambaya ta jero mini: awa nawa nake barci, wane aiki nake yi, ina zan yi ninƙaya, iyalina sun yarda? Ta ce littafin ba shi da laifi, haka ma littafin Joe Friel, domin ƙashin bayansu ɗaya ne. A fara da sauƙi a gina numfashi. A yi mako uku ana ƙarawa, na huɗu a sassauta. Kusan kashi 80 cikin 100 na atisaye a yi shi a saurin da mutum zai iya hira. Lokaci-lokaci a sauka daga keke a ɗora da gudu nan take, don ƙafa ta san wannan nauyin. Mako biyu ko uku kafin gasa a rage. Ta dage kan abinci fiye da komai: cikin mutum ma sai an horar da shi ya karɓi abin zaƙi da gishiri a kan keke, in ba haka ba amai zai tsayar da shi a tsakiyar gudu.

Abin da ba ta iya amsa mini ba, wani ɗan'uwa Musulmi da muka haɗu a masallaci ya taya ni lissafawa. Ana yin gasar nan ne wajen Maris ko Afrilu, don haka makonni mafi nauyi za su faɗo mini cikin ƙurar hunturu, ga shi a 'yan shekarun nan azumi ma a nan tsakanin yake zuwa. Shi yana rage tsawon atisaye a watan, ya yi mai sauƙi gab da shan ruwa, mai nauyi bayan tarawihi. Na ƙara da nawa: zafin Kano da ke haura digiri 40 a bazara, manyan motocin hanyar Zariya da ba sa ganin mai keke, da ruwan dam irin na Tiga da ake tsoron tsargiya a cikinsa. Babu littafin da ya san waɗannan, kuma ina ganin tsarin da bai san su ba, ko wa ya rubuta shi, zai kai mutum asibiti kafin ya kai shi layin ƙarshe.

A jirgin dawowa na zana nawa. Keke bayan sallar asuba, doguwar tafiya ranar Lahadi da mota a bayana, wani lokaci in hau Jos don sanyi da hawa-hawa. Ninƙaya a wurin wankan otal, da malami, har sai hannuna ya gyaru. Juma'a hutu. Na kuma yanke shawarar fara da rabin zango, wato kilomita 1.9 da 90 da 21.1, irin wadda ake yi a Durban.

Kai da ke da wannan buri, ka fara ganin likita ya duba zuciyarka, sannan ka nemi mai koya maka ninƙaya tun kafin ka sayi keke mai tsada.