Abin da Kunne Ya Ji Amana Ne

Bayan na kammala jami'a, aikin farko da na samu shi ne ɗaukar sauti a wani fim a Kano. Wata rana muka tashi hutun Azahar, wani ɗan wasa ya manta ƙaramar makirufo tana maƙale a rigarsa. Na ji shi yana ƙorafin darakta kan kuɗin aiki. Da yamma darakta ya tambaye ni me ya ce. Gabana ya faɗi, domin abincina yana hannunsa. Na ce, "Yallaɓai, sautin fim aka ɗauke ni in naɗa." Daren nan na tuna mala'ikun da ke rubuta kalmomina, waɗanda ba sa tafiya hutu. Allah Ya tsare mu daga annamimanci, amin.