Bindigar Faifai

Kalmar faifai ta yi doguwar tafiya a bakin Bahaushe. Asalinta abin da mata ke saƙawa ne, a rufe ƙwaryar fura ko a bakace gero. Da garmaho ya zo, aka ga baƙin abu mai zagaye yana waƙa, sai aka ba shi sunan. Daga baya CD ya gada. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da shi kasuwa a 1982, kuma suka tsayar masa da awo ɗaya a duk duniya: faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, ramin tsakiyarsa milimita 15. Ko a Japan aka buga shi ko a Legas, awon bai canzawa.

Wannan daidaiton awon shi ya ja hankalin ɗan yayata, yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare a Gumel, wanda ba ya iya ganin abu mai motsi bai kwance shi ba. Ya ce da ni, "Kawu, dutsen danko kowanne da girmansa, amma faifai duk ɗaya ne. Idan na auna ɗaya na auna dubu."

Dubun kuwa akwai su. Duk wanda ya girma a ƙasar Gumel ya san lokacin da faifai ya ture kaset ɗin bidiyo, wanda shi ya ɗauko finafinan Hausa tun daga Turmin Danya a 1990. 'Yan kasuwa kan saro daga Ƙofar Wambai a Kano, ranar Alhamis a baje a kasuwar Maigatari, mutanen Nijar da suka kawo shanu da raƙuma su koma gida da fim a aljihun riga. Sai wayar hannu ta zo da katin ajiya, masu turi suka kafa tebura da kwamfuta, aka wayi gari babu mai tambayar faifai. A gidanmu kaɗai akwai kwali biyu a ƙarƙashin gadon Inna, ƙura ta rufe su.

Ƙirar farko mai sauƙi ce. Katako ɗaya mai tsawon hannu, da wasu sirara guda biyu da ya kafa a gefe da gefe suka zama hanya, tsakaninsu santimita 12 da ɗan rara. Ya yanko roba daga tsohon tub ɗin babur, ya ɗaura wa wani guntun katako da zai turo faifan daga baya. Ya ja, ya saki. Faifan ya fita, ya yi ƙundumbala sau uku kamar kazar da aka koro daga kan danga, ya faɗi taku biyar a gabansa.

Kwana biyu ya yi yana jifa da hannu a tsakar gida kafin ya gano dalili. Abu mai faɗi da sirantaka ba ya tsayuwa a iska sai yana juyi, kamar yadda katantanwa ba ta tsayuwa a ƙasa sai an murza ta. Juyin ne ke hana shi kifewa. Hannu yana ba faifai juyi ba tare da mai jifa ya sani ba, roba kuwa turawa kawai take yi. Maganin da ya samo ya burge ni fiye da duk abin da ya biyo baya. Ya manna sirirriyar roba a cikin gefe ɗaya na hanyar, ɗaya gefen kuma ya goge shi da kyandir har ya yi santsi. Gefen roba ya riƙe bakin faifai, gefen kyandir ya sake shi, dole ya fita yana juyawa. Ban san wani littafin aji biyu da ya koya masa wannan ba.

Daga nan sai abin ya girma. Ya samo injin wata matacciyar fanka mai caji wurin mai gyara, ya sa masa ƙaramar taya da ya naɗe da roba, ya haɗa da batirin babur. Faifai na shiga tsakanin tayar da ke gudu da katakon da ke tsaye, sai ta fizge shi ta cilla. Ya kuma lura cewa guda ɗaya ya yi rashin nauyi, iskar hunturu na karkatar da shi yadda ta ga dama, amma idan an manne biyu sun fi miƙewa. Muka fita da ita wata gona a hanyar Sule Tankarkar bayan an girbe gero. Rana na dukan faifan a sama yana walƙiya da launuka, yara na bin sa da ihu. Wanda ya bugi kututturen aduwa ya tarwatse, gutsattsarinsa masu kaifi kamar kwalba. Tun a wurin na kafa masa doka: ba a nufin mutum, ba a nufin dabba, kuma duk abin da ya fashe sai an tsince, domin awaki na kiwo a nan, yara kuma ba takalmi.

Rigimar gaske a gida ta tashi, kan harsashi. Inna ta iske shi ya jawo kwalayenta.

"Kai maigida, me za ka yi da su?"

"Tsohuwa, ai sun mutu. Ko na'urar kallonsu babu a gidan nan."

"To ka zauna ka karanta mini abin da ke jikin kowanne, tunda kai ne mai ido."

Haka aka yi. Ta shimfiɗa tabarma, yana karantawa tana yanke hukunci. Duk mai ɗauke da karatun Alƙur'ani ko tafsirin azumi ta sa a ware, a naɗe a ƙyalle. Ya so ya yi gardama cewa ba rubutu a ciki, ramuka ne ƙanana da haske ke karantawa. Ta ce ita ba ta san ramuka ba, ta dai san abin da ya fito daga ciki lokacin da aka kunna. Ina ganin ita ce da gaskiya, kuma ko malamin kimiyya ba zai so ya ga an harba wannan cikin kashin shanu ba. Finafinan Indiya da na kokawar Turawa ta ce ya kwashe. Na Hausa ta ɗan yi jinkiri a kan wasu, ta tuna wadda suka kalla tare, sannan ta miƙa masa.

Sai aka zo kan waɗanda ba hoto a jikinsu, sai rubutun alƙalami da ya dushe. Wani an rubuta "biki", wani "suna", wani ba komai. Waɗannan su ne nake ta tunani a kansu har yau.

Faifan kamfani da injin buga shi ake yi, ramukan na cikin robar kanta, yana iya daɗewa. Wanda mai ɗaukar bidiyon biki ke ƙonawa a kwamfutarsa kuwa, wani irin rini ne a ciki ke riƙe hoton, kuma zafi da hasken rana na cin rinin nan sannu a hankali. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano, ba sai an harba shi ba ma yake mutuwa. Ga shi kuma a CD bayanin yana dab da fuskar da ake rubutu a kai, ƙarzuwa ɗaya ta wannan gefen ta isa. Fim ɗin da aka buga dubbai, wani zai iya ɗora shi a YouTube. Bikin ƙanwar Inna da aka yi a Gagarawa, wanda aka kai amarya a motar ɗaukar riɗi saboda ta hayar ta lalace, kwafi ɗaya ne a duniya. Matan da suka yi guɗa a cikinsa da yawa sun rasu.

Mun ƙirga irin waɗannan guda goma sha ɗaya. Inna ta hana a taɓa su, yaron ma bai nema ba. Shi da kansa ya zagaya Gumel neman na'ura, ya samu wata tsohuwar kwamfuta mai aljihun faifai a shagon wani mai turi. Bakwai sun buɗe, aka juye su a waya. Biyu sun fara sai suka tsaya, fuskoki suka rarrabe gida-gida. Biyu ko motsi.

Na Gagarawan yana cikin waɗanda suka tsaya. Minti shida ya bayar. A cikin minti na huɗu an ga mahaifinmu daga gefe, yana gyara hula, yana faɗa wa wani abin da kiɗa ya danne. Inna ta sa an maimaita mata wurin har batirin wayar ya ƙare.

Bindigar tana nan a zaure. Wani maƙwabcinmu ya riga ya karɓi ragowar finafinan Indiyan, zai rataye su da zare a gonarsa idan gero ya fara ido, walƙiyarsu ta kori tsuntsaye. Ya ce a ara masa bindigar ma ya gwada a kan jan baki, yaron ya ce sai dai ya zo da nasa batirin.