Shekarunsa Nawa?

Ran wata Asabar a shekarar 2019, na dawo daga koyon waƙa a majami'a, sai na tarar da ƙanwata a zaure tana kuka. Ta ce, "Yaya, sun kama ɗanka." Yaron yakan yi dako a babbar kasuwar Garwa in an tashi makaranta. Wayar wani ɗan kasuwa ta ɓace, aka same ta a aljihunsa. Shi ya ce wani babba ne ya ba shi riƙo.

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, abin da na fara faɗa a raina shi ne, bari ya kwana biyu a can ya yi hankali. Har yau ina jin kunyar wannan tunani.

Shekarunsa 13, amma dogo ne kamar ubansa. Wanda ya rubuta bayaninsa ya dube shi sama da ƙasa, ya sa 18. Ba mu da bakin musu, gama a gida aka haife shi a ƙauye, ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba. Aka haɗa shi ɗaki ɗaya da manya.

Bayan sujada ran Lahadi na kai kukana wurin wani dattijon ikkilisiyarmu wanda ya tsufa a aikin kotu. Bai tambaye ni ko yaron ya yi sata ba. Cewa ya yi, "Shekarunsa nawa?" Sa'an nan ya zaunar da ni ya bayyana mini. A dokar Kamaru, yaron da bai kai 10 ba, ba a ɗora masa laifi. Daga 10 zuwa 14 ba a yi masa hukuncin manya, sai matakan gyara hali. Daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi, amma da sassauci. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta hana a tsare ɗan 12 zuwa 14 jiran shari'a, sai in zancen kisa ne. Dole yaro ya sami lauya ko wani masanin haƙƙin yara a gefensa, in ba shi da shi kotu ta naɗa masa. Ba a yin shari'arsa a bainar jama'a. In kuwa babu takardar haihuwa, likita ne zai duba shi ya ƙiyasta shekarunsa, ba idon mai rubutu ba.

Na ce, "Baba, duk wannan yana rubuce, yaron kuma yana kwana da manya?" Ya ce takarda ba ta da ƙafa, sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Ya tuna mini da abin da ya faru a Girbidik a Disamba 2014, lokacin tashin hankalin Boko Haram, da jami'an tsaro suka kwashe yara 84 daga makarantun allo. Aka ajiye su a gidan renon yara na gwamnati a Marwa wajen wata shida ba tare da an tuhume su ba, sai a Yuni 2015 aka fara sallamarsu. Na ji labarin a lokacin, amma na ɗauke shi na 'ya'yan wasu. Kamaru kuwa ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara tun 1993.

Zumuntar mata suka tara kuɗi, muka ɗauki lauya. Muka tono katin baftismar yaron daga ƙasan adaka, ga shekarar haihuwarsa da rubutun fasto. Lauya ya nuna shi, ya roƙa a kai yaron wurin likita. Likita ya ce bai wuce 14 ba. Bayan kwana 19 aka danƙa shi hannun uwarsa, ya fito da ƙazuwa a jiki, ya kuma yi makonni ba ya son magana. Alƙali ya ja masa kunne, aka rufe zancen. Daga baya muka bi ta kotu muka yi masa takardar haihuwa, shi da ƙannensa uku.

Ranar da na kai abinci na ƙarshe, wani yaro da bai kai namu tsawo ba ya kama bakin rigata ya ce, "Kawu, in ka je Pitowa ka gaya wa innata ina nan." Ya faɗi sunanta, ya ce tana sayar da ƙosai. Sau biyu na je ran kasuwa ina tambayar masu ƙosai, ba wanda ya san ta.